Ƙullin Haɓar Zanin Sauda

Shekara huɗu Sauda ta yi tana fama da ciwon ɓarin kai. In ya taso, ko ruwa ta kurɓa sai ta amayar, balle ta haɗiyi magani. Mijinta Inuwa ma'aikaci ne a wani ɗakin haɗa magunguna, kuma saboda ita ya duƙufa neman ƙwayar da za ta narke a kan harshe ba sai da ruwa ba. Da garin rogo yake haɗa maganin. Shugabansa, Dokta Babakura, da ya gani dariya ya yi, ya ce Inuwa ya koma tuyar ƙosai.

Wata Laraba Inuwa ya dawo gida a unguwar Bolori da ƙwaya ashirin cikin kwalba mai toshiyar auduga. Ya ce kafin a karanta Fatiha sun narke. Washegari ya shiga Kasuwar Litinin sayen garin rogo, littafin haɗin yana cikin jakarsa, bam ya tashi, ya hallaka shi da littafin.

Ranar sadakar uku Dokta ya zo, turarensa ya riga shi sallama. Bai gama gaisuwa ba ya fara tambayar kwalbar, wai kayan ofis ne. Sauda ta ce ba ta gani ba. Yana fita ta juye ƙwayoyin ta ƙulle a haɓar zaninta, inda ba namijin da zai kai hannu. Ga bazara, ga ba wuta, ga takaba cikin ɗaki.

Bayan mako biyu Dokta ya dawo da takarda, wai za a kai aikin taro a Abuja.

"Yaa Sauda, ki taimaka da ƙwayoyin. Aikinmu ne ni da marigayi."

Karatunta bai yi nisa ba, amma ta san yadda ake rubuta Inuwa. Ta bi takardar da yatsa har ƙasa.

"Dokta, ina sunan mai ƙosan?"

"Ai mamaci ba ya zuwa taro."

"To mai rai ya je ya soya nasa."

Nan take kanta ya sara, idon hagu ya fara ruwa. Ta ce a ranta gara ta sha ɗaya a gabansa, ya gani da idonsa. Ta kwance ƙullin. Babu ƙwaya ko guda, sai farin dunƙule kamar kamu. Gumi ya narkar da su tun tuni.

Dokta ya miƙe tsaye. "Kin san abin da kika lalata kuwa?"

Sauda ta daɗe tana kallon abin. Ashe abin da audugar take tsarewa ke nan, Inuwa bai samu ya faɗa mata ba.

"Ya ce da sauri suke narkewa," ta ce. "Bai taɓa yi min ƙarya ba. Takalminka yana bakin ƙofa."

Ta lakato kaɗan da yatsa ta ɗora a harshe, ta sake ƙulle sauran.