Kunnen Mai Saita Igwa

Ranar da Ashafa ya zo hutu Gwammaja, Gwaggo 'Yardada, ƙanwar mahaifinsa da ta raine shi, ta yi masa magana daga bakin murhu bai juyo ba. Ta ɗauka gajiyar hanya ce.

Soja ne. Tun da aka tura shi arewa maso gabas yake aiki a cikin igwa, babbar nan mai tafiya a kan sarƙa kamar tankar yaƙi, wadda harsashinta ke faɗawa inda masu harbin ma ba sa hangowa. Shi ne mai saita bakinta. A faɗo masa lambobi ta rediyo, ya daidaita, a harba.

Da kwanaki suka tafi sai Gwaggo ta lura bakin mutum yake kallo idan ana hira. Wata rana da hantsi tana ƙofar gida ta ga mai adaidaita sahu yana ta danna masa ham daga baya, shi kuwa yana tafiyarsa a tsakiyar hanya, har sai da aka goge shi a kafaɗa. Gabanta ya faɗi.

Da ya shigo ta zaunar da shi a kan tabarma.

"Wanne kunnen ne?"

Ya taɓa kunnensa. "Na hagu, Gwaggo, ƙarar igwa ce ta kashe shi. Na daman ma ƙara yake yi, kamar ana busa usur a ciki."

"Manyanka sun sani?"

"In na faɗa cire ni za su yi, a raba ni da mutanena."

"To lambobin da ake faɗa maka, da wanne kake jin su?"

"Nakan ce a maimaita."

"Ranar da babu sararin maimaitawa fa? Kai da bakinka ka ce da ƙauyuka a wajen."

Ya tashi ya fita; da hutunsa ya ƙare ya ɗauki jakarsa ya koma.

Daga nan ta daina cin abincin kirki. Kullum da safe sai ta kunna labarai a rediyo, hannunta a kan maɓalli, tana tsoron ta ji an ce wuta ta sauka inda bai kamata ba. In ta kira lambarsa, a kashe.

Ana dab da azumi ya bugo. Ya ce ya je wurin likitan bataliya ya faɗi komai, an mayar da shi sashen gyaran igwogi. Kunnen hagun dai ba zai dawo ba.

Ta yi hamdala a hankali, sannan ta ɗaga murya don ya ji. "Wa aka sa a kujerarka?"

"Mikail, wani abokina."

"Shi kunnensa lafiya?"

Ashafa ya ce, "Yanzu dai lafiya, Gwaggo."