Takarda Ta Baƙo Ce

…kuma gurbin nan ya ƙi yarda a tsallake shi. Ranar ɗaukar aiki. Na danna gaba, ya dawo da ni. Na sake dannawa, ya sake dawo da ni, kamar mai gadin banki.

Layina ne, Alhaji Kyari. Musiliu. Ni ne kuma mai cika layukan. Tun safe nake shigar wa kowa nasa a sabuwar kwamfutar albashi: alawus ɗin gida, na mota, na asibiti, hutun shekara, da wanda zai tsallaka baɗi in mutum bai ci nasa ba. Uchechi da ta zo bara, nata ya shige sumul. Direbobi, masu sito, duk sun shige. Na'urar tana tara wa kowa hutu ne daga ranar da ke kan takardarsa ta ɗaukar aiki.

Takarda…

Ka tuna? Shago ɗaya ne lokacin a kasuwar Singa, katan-katan na madara har rufi, ni da kai muna cin ƙosai a kan buhun sukari. Na ce, "Alhaji, ko za a rubuta mini 'yar takarda?" Ka yi dariya har hularka ta karkace. "Haba Musiliu. Takarda ai ta baƙo ce. Kai ɗan gida ne." Ranar nan da ƙafa na koma Fagge, ban ma ji tafiyar ba. Ni, ɗan Bayarabiya mai sayar da robobi — ɗan gida. Har Iya na gaya wa. Ta yi ta sa maka albarka.

Innocent ya ƙi haɗa ido da ni. Shi ya zo daga Sabon Gari ya ɗora mana tsarin, yana can yana ta gyaran wayar da ba ta lalace ba. Ɗazu ya sosa ƙeya ya ce, "Oga Alhaji ya ce duk wanda ba shi da takarda a sa masa farkon Janairu mai zuwa. Sabon ɗauka." Duk wanda… Mu nawa ne? Na bi layukan daga sama har ƙasa. Na sake bi. Ni kaɗai ne.

Sabon ɗauka kuwa ba ya hutu sai ya shekara. Wannan dokar ma yatsuna ne suka shigar da ita.

In na nemi hutu sai ka ce, "Azumi ya matso, kaya na shigowa, bari bayan Salla." Bayan Salla sai ƙidayar kaya. Matata ta haihu ina Legas ina gadin kwantena. Kowace shekara kalmar ɗaya ce: "Hutunka yana nan a ajiye." A ajiye a ina, Alhaji? A wane sito?

Ban taɓa matsa maka ba, don Iya nake tara wa. Ka sani. Kujerar Makka ta samu bana, tata da tawa. Ba miji, ba wani ɗa namiji sai ni — ba muharrami, ba tafiya. Gwiwar tata ma, wa zai riƙe ta a ɗawafi? Da bakinka ka ce kai za ka kai mu filin jirgi.

Na hau ofishinka da hantsi. Ko ɗagowa daga jarida ba ka yi ba. "Soja sun tafi, Musiliu, yanzu farar hula ne, komai sai da tsari. Abin da na'ura ta ce shi ke nan." Na'ura… Ita ta ci ƙosai da ni? Ka cuce ni, Alhaji. Wallahi ka cuce ni, kuma abin da ya fi ƙona mini rai, baƙin da ba ka yarda da su ba, su ka kare da takarda.

Iya tana kasuwar Kwari yanzu haka. Farin yadi take zaɓa, da haramina. Za ta taya, ta tafi, a kira ta, ta dawo… Da yamma za ta shimfiɗa a gado ta ce in taɓa in ji.

To in rubuta mana. Allon yana gabana, ba mai kallona. Gaskiyata ce, ba ta wani ba. In sa ainihin ranar da na fara, in ya so ka kore ni.

Wace rana?

Zafi ake yi… mangwaro ya fito… kafin auren ƙanwarka ne ko bayansa? Wace shekara ma?

Ban riƙe ba. Ban taɓa riƙewa ba. Wa yake riƙe ranar da ya shiga gidansu?