Ta Daina Ja Hagu

Motar Baba ta girmi Auta da shekara shida. Doguwa ce, ruwan toka, mai fitilu zagaye, irin wadda yanzu in ta wuce sai yara su bi ta da kallo. Baba ya saye ta Yaya tana rarrafe, kuma tun daga ranar babu wanda ya taɓa zama a kujerar direbanta sai shi. Yaya takan ce su uku ne 'ya'yan gidan, motar ce ta tsakiya, ita ce kuma 'yar lele.

Ciwon ya kama Baba da safe, yana ɗaura igiyar takalmi. Ɓarin hagu ya shanye. Sati shida ya yi a asibiti, aka dawo da shi gida, aka kafa masa gado a falo. Malamar gashin ƙashi tana zuwa daga asibiti sau uku a sati, tana lanƙwasa masa hannu, tana ba shi ƙwallon roba ya matsa. Baba ya tsani ƙwallon nan. Yakan cusa ta ƙarƙashin filo ya ce ta ɓata. Sai wata rana malamar ta gaji, ta tambaye shi me yake so ya yi da hannun in ya warke. Ya ce tuƙi. Ta ce in ya dage, nan da wata uku za a iya gwadawa a fili, inda babu mutane.

Daga ranar ƙwallo ba ta sake ɓata ba. In an ce ya matsa sau ashirin, sai ya yi arba'in. Ya sa Yaya ta ba shi murfin babbar tukunya, ya mai da shi sitiyari. Yakan zauna a bakin gado ya riƙe shi hannu biyu, ya yi ta tuƙi zuwa inda shi kaɗai ya sani. Auta ya lura Baba ba ya riƙe murfin daidai, kullum a karkace yake zuwa dama. Ya kuma lura ƙafarsa ta dama tana danna tabarma da ƙarfi kamar zai huda ƙasa. Ya ɗauka ciwon ne. Tausayi ya kama shi.

Auta tagogin alminiyum yake haɗawa a wani shago. Shi da Baba ba masu hira ba ne. Gaisuwa, ya jiki, da sauƙi, shi ke nan. Yaya ta iya zama kusa da mara lafiya ta yi ta zuba har ya yi dariya. Shi bai iya ba. Abin da ya iya shi ne ya gyara abu.

Wata Asabar ya zare makullin daga jikin ƙusa, ya tayar da motar don ya kai ta a duba kafin ranar gwaji. Bai kai ƙarshen layinsu ba gumi ya jiƙe masa riga. Sai ka juya sitiyari kusan faɗin tafin hannu kafin tayoyin su san ana magana da su. In ka sake shi kaɗan, motar ta kama hanyar hagu kamar an kira ta. Totur kuwa, sai ka taka shi har ƙasa, injin ya yi tari, ya yi tunani, sannan ya motsa. Ɓangaren direba ya zauna, kowane rami sai ka ji shi a haƙoranka. Auta ya ce a ransa, mai hannu biyu lafiyayyu ma da kyar, balle mai ɗaya da rabi.

Dogo makanike abokinsa ne tun makaranta. Ya zagaya motar sau biyu, ya danna hancinta ya sake, ta yi ta lilo ba ta tsaya ba. Ya shiga ya girgiza sitiyarin.

"Mutumina, wannan mota ce ko kwale-kwale? Ka juya yau, ta amsa jibi."

Auta ya ce masa aljihunsa ba nauyi, a yi abin da za a iya. Dogo ya ce ba sai an sayi sabon komai ba, ai motar tana da ƙashi mai kyau, tsufa ne kawai ya saki jijiyoyinta. A wanke kafireta, a sa sabbin fulogi da wayoyinsu, a saita wuta, injin zai farka. Akwatin sitiyari kuwa a nemo na irinta da ta yi hatsari ta baya. Shokozoba na gwanjo sun isa, sai sifirin na gaba da robobin ƙafa.

Asabar biyar suka yi suna yawo a kasuwar tsofaffin kayan mota, suna tona tarin ƙarafa, Dogo yana zagin masu kaya suna zaginsa ana dariya. Akwatin sitiyarin a bayan wani shago suka same shi, kaza ta yi ƙwai a kusa da shi. Auta da hannunsa ya wanke shi da kananzir, ya cika shi da giris. Ya ji daɗin aikin nan fiye da yadda ya zata. Kowane noti da ya ɗaure, ji yake kamar wata magana ce ya faɗa wa Baba.

A gida Baba ya ga wurin motar fayau ta taga, ya tambaya. Auta ya ce an kai ta a canja mai da batir, Dogo ne yake jan ƙafa. Baba ya ce to, amma kar a taɓa mata komai, a bar ta da halinta. Haka yake gaya wa kowane makanike shekara da shekaru, kowa kuma ya ɗauka maƙo ne. Auta ya ce to. Yaya da ta san gaskiyar ta ƙifta masa ido, daga baya ta ce ya yi shiru kawai, tsohon zai ga abin mamaki.

Ranar da Auta ya dawo da ita, ya saki sitiyari a kan miƙaƙƙen titi, ta tafi ɗoɗar. Da yatsa biyu ma za a iya juya ta. Totur kana shafa shi take zabura. Ta miƙe tsaye a kan ƙafafunta huɗu kamar an cire mata shekara ashirin. Daga waje kuwa ba abin da ya canja, don bai bari an taɓa fenti ba.

Ranar gwaji Baba ya yi wanka da wuri, ya sa riga mai guga. Malamar ta ce a kai shi fili tukuna, amma ya ce shi zai fitar da motarsa daga gidansa, ƙofar da ya fi shekara talatin yana bi ba za ta gagare shi ba. Yaya ta wangale ƙofar. Auta ya zauna a gefensa. Baba ya ɗora hannun hagun a kan sitiyari da taimakon na dama, ya lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya har suka kama. Ya dubi Auta, ya ɗan yi murmushi da rabin bakin da ke aiki. Ya murɗa makulli.

Sai ya yi abin da ya saba. Ya karkata sitiyari zuwa dama faɗin tafin hannu, don ya tare hagun da motar za ta ja. Ya taka totur har ƙasa, don ya ba injin lokacin tarinsa.

Ba ta yi tari ba, ba ta ja hagu ba. Ta zabura ta yi dama, ta daki ginshiƙin ƙofa. Fitila ta tarwatse, injin ya mutu. Yaya ta saki salati ta rugo.

Babu wanda ya ji ciwo. Baba yana zaune, hannayensa a kan sitiyari, yana kallon na hagun. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɓamɓare yatsun da hannun dama, ya ajiye hannun a cinyarsa kamar kayan wani. Ya ce a mai da shi ciki.

A lokacin ne Auta ya gane murfin tukunyar nan ba ciwo ne ya karkata shi ba. Baba motarsa yake tuƙawa a bakin gado, da duk halinta, daidai yadda take.

Auta ya bi shi falo ya durƙusa a gaban gadon. Ya faɗi komai, kafireta, akwatin sitiyari, sifirin, Asabar biyar. Bai taɓa yi wa Baba magana mai tsawon wannan ba. Ya ce laifinsa ne, hannun lafiyarsa ƙalau.

"Allah ya yi maka albarka, Auta," in ji Baba. "Ba sai ka yi mini ƙarya ba. Na ga abin da na gani."

Yaya ta rantse masa gaskiya ne, ya ce ita ma Allah ya yi mata albarka. Auta ya fita ya buɗe gaban motar, ya dawo ya roƙe shi ya zo ya gani da idonsa. Da kyar ya yarda. Suka riƙo shi har bakin motar. Ya leƙa, ya ga wayoyin fulogi sababbi jajaye, ya ga kafireta tana ƙyalli. Ya sa hannu ta taga ya taɓa sitiyarin kaɗan, tayoyin gaba suka motsa nan take. Ya sake taɓawa, suka sake motsawa.

Auta ya zaci sauƙi zai gani a fuskarsa. Bai gani ba.

"Ashe ba ita ba ce," Baba ya ce a hankali. "Ina tawa?"

Baba ya zare hannunsa daga tagar.

"Waccan hannuna ya san ta, ko ina barci. Da ita nake lissafi. Ban ce zan koyi mota ba, Auta. Cewa na yi zan koma."

Da rana tsaka Auta ya isa garejin Dogo, ya ce a fito masa da tsofaffin kayan duka, a mayar. Dogo ya daina dariya da ya ga fuskarsa. Ya ce 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa sun kwashe tun satin da ya wuce, shi ma Autan yana tsaye aka loda su. Suka hau babur suka bi sawu har inda ake tara ƙarafan. Mai wurin ya nuna musu fili, ya ce babbar mota ta ɗauke shekaranjiya, yanzu wataƙila sun narke.

Auta ya ce to a sassauta wannan akwatin, a karkata ƙafar, a toshe kafireta, a lalata ta yadda take a da. Dogo ya zauna a kan tsohuwar taya ya share hannunsa da tsumma. Ya ce zai iya sassauta noti, amma abin da shekara talatin ta cinye a hankali ba a yin sa da sifana. Za ta yi wasa, amma ba irin wancan wasan ba. Za ta ja, amma ba daidai wancan jan ba. Tsohon zai shiga da tsohon hannunsa ya sake samun wata baƙuwar, wannan karon kuma mai haɗari. Ya ce shi dai ba zai sa hannunsa a ciki ba.

Duk da haka Auta ya gwada lallashi. Ya ce wa Baba wannan ta fi sauƙi, sati biyu a fili ya isa ya saba, shi zai zauna kusa da shi kullum. Yaya ta ce ai ko jariri zai iya juya ta yanzu, sai ta ji abin da ta faɗa ta kama bakinta. Baba ya saurare su duka, ya ce sun kyauta, aikin ya yi kyau, a gaishe da Dogo. Bai yi faɗa ba. Auta ya so a ce ya yi.

Ranar Litinin malamar gashi ta zo, Baba ya ce yau ya gaji. Ranar Laraba ya ce wa Yaya ta kira ta ta ce kar ta wahalar da kanta, akwai masu buƙatarta fiye da shi. Malamar ta zo duk da haka, ta yi rabin awa tana magana. Ya ba ta hannun ta lanƙwasa yadda take so, idonsa yana kan bango.

Ranar Alhamis da safe Auta ya shigo gaishe shi kafin ya tafi shago. Ya same shi zaune a bakin gado, riga a buɗe. Sati uku ke nan Baba yana ɓalla maɓallansa da kansa, yana korar duk wanda ya miƙo hannu. Yau hannun hagun yana kwance a cinya, bai ko ɗaga shi ba.

"Zo ka sa mini," ya ce.

Auta ya ajiye jakar kayan aikinsa, ya durƙusa. Ya fara daga na ƙasa. Maɓallan ƙanana ne, yatsunsa kuma sun saba da ƙarfe, sai da ya yi sau biyu kafin na farko ya shiga.