Fitilar da Ke Kamawa Ran Litinin

Da aka sake fasalin ofishin hukumar filaye, an rushe bangon ɗakuna, an kwashe durowa, an ce ba mai teburin kansa. Inda ka samu da safe, nan ne naka. Mai zanen ginin ta hana a zubar da ko ƙusa, har tsofaffin bencinan jira aka goge aka haɗa dogon tebur da su. Fitilu kuma ba sa kamawa sai da mutum a ƙarƙashinsu, don tattalin wuta.

Babban akawu ne kaɗai bai yi murna ba. A jakarsa akwai fayil ɗin da ya shekara shida kulle a durowarsa, na wani tsohon tela mai neman takardar shaidar gidansa. Laifin telan ɗaya ne: ya taɓa gyara wa akawu kuskure a gaban jama'a. Tun daga nan, kowace Litinin sai ya zo ya zauna a benci, a ce masa ya dawo wani mako. Bara ya rasu. Yanzu an ba da umarni a miƙa kowane fayil a shigar da shi kwamfuta, ranar da aka karɓe shi kuwa tana rubuce a bangonsa.

Ran Litinin da hantsi, fitilar kujerar da ke fuskantar akawu ta kama. Ba kowa a kujerar.

"Baba, ka yi baƙo," in ji matar da ke shigar da fayiloli, tana dariya. "Aljanu ma sun ji labarin iskar wurin nan."

"Kira mini mai gyara."

Mai gyara ya hau tsani, ya duba, ya sauko. "Yallaɓai, lafiyarta ƙalau. Ita dai a ganinta akwai mutum."

Akawu ya sunkuyar da kai. A katakon teburin, ƙarƙashin sabon fenti, sai ga ƙananan zane a jere. Ya gane su. Telan ne ke jan layi a jikin benci da bakin makulli duk zuwan da ya yi.

Ya koma can ƙarshen zauren. A da yana da ƙofar rufewa, yanzu ko ina ya zauna fitilar na idonsa. Ya tashi da fayil ɗin zuwa injin yayyaga takardu, ya tsaya a gabansa. Hannu ya ƙi saka shi.

Ya dawo ya buɗe fayil ɗin a gaban kujerar, ya sa hannu, ya buga hatimi. Aikin bai kai minti biyu ba.

Matar ta duba bangon fayil, dariyarta ta ɗauke. "Baba, shekara shida? Shugabar hukuma fa za ta gani."

"Shigar da shi yadda yake. Ki nemo mini inda matar telan take."

Ya waiga. Fitilar tana nan kunne, haka ta wuni har aka tashi.