Daga Huɗu Zuwa Biyu a Hanyar Kwatarkwashi

Shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙa babbar mota tsakanin Gusau da Kudu, kuma ban taɓa sauya giya da ido ba. Da kunne nake yi. Kowane inji da muryarsa. Na taɓa riƙe wata roka wadda in tana son a rage mata giya sai ta kama gunaguni kamar tsohuwa mai ciwon haƙori. Wata kuma kukanta a lamba uku daidai yake da na zumar da ke cikin kukar bayan gidanmu a 'Yandoto. Direbobin tashar Tsafe sun san ni da wannan. Nakan zauna gefen mai tuƙi in rufe ido in ce masa yanzu, giya ta shige ba ko ƙara.

Abin da ba su sani ba, shekara biyu ke nan kunnena yana tafiya. Ban faɗa wa kowa ba. Leɓe nake kallo, ina gyaɗa kai.

Autata Fiddausi malamar jinya ce a Bungudu, gidan aurenta kuma a Sabon Garin Gusau. Ta daɗe tana roƙon mijinta Mas'udu ya bar mata tsohuwar motarsa, don ta gaji da jiran bas ta cika. Daga ƙarshe ya yarda, amma ya ce ranar da ta lalata ta, a ranar zai karɓe mabuɗi. Ta iya tashi, ta iya tafiya. Rage giya ne ya gagare ta. Wata Asabar da hantsi ta iso Tsafe ta ce in koya mata yadda nake yi.

Na yi mata bayani a tsaye. Ki fara taɓa birki mota ta lafa. Ki taka kuloci, ki ɗan ba totur wuta don inji ya taso ya tarbi ƙaramar giya, sannan ki shigar, ki saki ƙafa a hankali. Kuma ɗaya-ɗaya ake sauka, kamar matakala. Sai na yagi kwalin shayi na rufe agogon da ke nuna gudun inji, yadda ubangidana ya yi mini, na ce agogo na makaranta ne, mu da kunne muke.

Muka kama hanyar Gusau. Da muka doshi wani gangare kafin Kwatarkwashi na rufe ido, don ta san haka nake yi tun tana goye. Ban ji komai ba sai wani shuu kamar ruwa a nesa. Na ji jikina ya ɗan yi gaba, na ɗauka ta rage gudu sosai, na kuma ɗauka a uku muke.

"Ba ta biyu. Yanzu."

Ashe a huɗu muke, da gudunmu. Ta ce wani abu, ina jin tambayata ta yi, ban ji ba. Na sake cewa yanzu. Ta bi maganar ubanta. Ihun da injin ya yi har ni na ji shi. Motar ta fizge mu, ta mutu a gefen titi, wari ya tashi.

A garejin Gusau bakanike Yusha'u ya leƙa ciki ya ce hannun ɗan koyo ne, mata dai sai a hankali. Aka yi dariya. Mas'udu bai yi faɗa ba, hannu kawai ya miƙa ta sa masa mabuɗi. Ta juyo ta ce in yafe mata, ta kunyata ni. Kwalin shayin yana cikin aljihuna, na cire shi tun kafin a zo jan motar. Na ce ba komai, Allah ya kiyaye gaba.

Kwana tara tana bin bas. Ni kuma ina zaune a tashar Tsafe ana ba ni shayi ana cewa ashe kunne ba a gadonsa.

Ran na goma na hau mota zuwa Gusau, na iske Mas'udu a rumfarsa ta hatsi. Ya tashi ya ba ni kujera. Na ƙi zama. Na faɗa masa ni na rufe agogo, ni na rufe ido, ni na ce ta ba ta biyu, kuma kunnen da ake yabo babu shi.

Ya sunkuyar da kai ya yi magana. Da yake ban ga bakinsa ba, ban san abin da ya ce ba.

"Ɗago ka dube ni, ɗana. Sai haka nake ji."

Ya ɗago. Ya ce in an gama gyara zai mayar mata da mabuɗi, amma ba shi zai gaya mata dalili ba.

"Baba, wannan kai za ka faɗa mata. Tana gida, yau ba ta da aiki."

Ya ce a tsayar mini da mai babur. Na ce ya bari, da ƙafa zan tafi.