Ranar da Des Ya Ga Rhonda a Majigi

Tun da 'yarsa Rhonda ta gudu daga gida, Des Kearney bai ƙara barcin kirki ba. Mai askin tumaki ne a garin Horsham, ita kaɗai gare shi, kuma da faɗa suka rabu. Ya kai cigiya wurin 'yan sanda, ya zaga asibitocin Melbourne, shiru kake ji.

Ana nan sai ƙanwarsa Maureen ta bugo waya daga birni. "Yaya, akwai wani fim da 'yan kiɗan pank suka haɗa, ana nunawa a unguwar St Kilda. An ce da Rhonda a ciki."

Washegari ya hau jirgin ƙasa, ya samu nunin rana. Tsohuwar silimar cike take da samari da 'yan mata masu gashi a miƙe kamar zankon zakara. Duk sun haddace fim ɗin, kafin a yi magana a majigi sun riga sun faɗa. Labarin yaran da suka bar gida ne, suka tare a wani kango. Can sai ga Rhonda, ta rame, gashi kore shar, tana dukan ganga kamar ta fasa. Da sunanta na gaskiya ake kiranta, abin bai yi kama da wasa ba.

Daga baya wuta ta kama kangon. Aka fito da Rhonda ko motsi ba ta yi.

Des ya miƙe tsaye. "'Yata ce! Ina kuka kai ta?"

"Kai tsoho, zauna, ka tare mana!" in ji wani daga baya.

Mai haska wa mutane kujeru ta taho da tocila za ta fitar da shi. Ta haska fuskarsa, ta tsaya cak.

"Baba?"

Ya riƙe kafaɗunta, ya dubi majigi, ya dube ta.

"Fim ne fa, Baba. Na yi ta mutuwa har na gaji kafin mai kyamara ya gamsu."

Ya zube kan kujera, dariya da hawaye a haɗe.

A bakin teku suka ci kifi da soyayyen dankali. Ta ce ba za ta koma Horsham ba, tana da ɗaki da aiki, amma za ta riƙa bugo waya ran Lahadi. Ya tura mata sauran kifinsa.

"Cinye, kin rame da yawa."