Tsiron Diddigen Malam Kallamu

Amsa ce ta fara ganin jini a takalmin mahaifinta. Malam Kallamu ya dawo daga gonar gyaɗarsa da ke bayan Bagwai yana ɗingishi, ya ce ƙaya ce. Ta zaunar da shi ta wanke ƙafar, sai ga wani tsiro a diddige, fari-fari kamar tsokar kifi. Wata uku tana fama da shi kafin ya yarda ta kai shi babban asibiti a Kano, kuma duk tsawon lokacin ita ke wanke wurin safe da yamma.

Likita ya yanki ɗan naman aka duba, amma aka kasa tantancewa. Ya ce akwai ciwon dajin fata iri biyu da kan yi kama da juna: ɗaya mai saurin bazuwa cikin jiki, ɗayan kuwa in an cire shi da wuri yawanci an rabu da shi. Sai an yi gwajin rini.

A ɗakin gwajin asibitin ne Ilham, ƙanwar Amsa, take aiki. Ranar Asabar ta iso gida da takardar likita, ta durƙusa gaban tabarmar tsohon, ta buɗe masa hoto a waya.

"Baba, kowane irin daji da nasa furotin, kamar shaidar da ake yi wa shanu. Mukan yanka naman siriri, mu ɗora a gilashi, mu ɗiga magani. In maganin ya tarar da furotin ɗinsa, sai wurin ya rine ya koma ruwan ƙasa. Na mai bazuwar bai kama ba sam. Na ɗayan ne ya kama, ga shi."

"Alhamdulillahi! Da hannunki kika yi?"

"Da hannuna, Baba."

Amsa na tsaye a bakin ƙofa da kwanon ruwan ɗumi. Ilham ta ɗago wayar.

"Yaya, zo ki gani."

"Ruwa zai huce," in ji Amsa.

Bayan an yi aikin cire tsiron an sallamo shi, 'yan dubiya suka yi ta zuwa, kuma kowa da labarin da yake tararwa: likitoci sun rasa gane ciwo, Ilham ta gano shi da rini. Har liman sai da aka nuna wa hoton. Amsa tana ji daga madafi, tana tuƙa tuwo da ƙarfin da ya wuce na tuwo. Ita ma ta ci jarrabawar makarantar koyon aikin lafiya shekara goma sha biyu da suka wuce, amma a shekarar mahaifiyarsu ta kwanta ciwo, ita ce babba, sai ta zauna jinya.

Ranar Juma'a Ilham ta sa safar hannu za ta canja bandeji. Tana taɓa diddigen tsohon ya janye ƙafa.

"Kai! Bar wa yayarki, hannunki da zafi."

Wani daɗi ya ratsa Amsa, har ta ji kunyar kanta. Ta karɓi audugar ba ta kalli ƙanwarta ba, ta ɗora ƙafar a cinyarta. Tana cikin gogewa Alhaji Hashimu maƙwabci ya yi sallama, aka ce ya shigo.

"Alhaji, zauna," in ji Malam Kallamu. "Ilham, ina wayar nan? Nuna masa."

Amsa ta ci gaba da naɗa bandejin a hankali, ta ɗaure bakinsa, ta ɗauki kwanon ta fita.